Siriri, Mai Tsayuwa a Kan Benci

Tela ne, amma a gidan ɗaga ƙarfe Siriri ake ce masa, kuma sunan bai yi ƙarya ba. Tun yana saurayi yake zuwa, har furfura ta fara yi masa yayyafi a gemu, jikinsa bai taɓa kumbura ba. Abin da aka san shi da shi tsayuwa ce. Idan mutum ya kwanta a benci zai ɗaga, Siriri ke tsayawa ta wajen kansa, hannuwa a buɗe ƙarƙashin sandar, don ya tare idan ta fi ƙarfin mai ɗagawa.

Abokinsa na ƙuruciya, wanda ake kira Bijimi, shi ya fara jawo shi wurin. A lokacin rumfa ce kawai a bayan gareji, ƙarafan kuma tsofaffin kayan mota ne da aka haɗa da walda. Bijimi yana taɓa ƙarfe, ƙarfe ya amsa masa, ƙirji ya buɗe kamar ƙofar shago. Siriri kuwa kullum yana nan da 'yan faya-fayansa na ƙarfe ƙanana, ba ya ƙari don a gani, ba ya fashi don ana ruwa.

"Tsakanin allurarka da ƙarfen nan naka, wanne ya fi nauyi?" in ji Bijimi.

"Allurar ce dai za ta ɗinke wandon da ka fasa jiya."

Shekaru suka ja. Rumfa ta zama ɗaki mai madubi da fanka. Bijimi ya zama direban babbar mota, sai ya ɓace wata da watanni, ya dawo ya faɗa wa ƙarfe kamar mayunwaci, ya sake ɓacewa. Zama ya kawo tumbi, tumbi ya kawo hawan jini, likita ya ce ya bar abu mai nauyi. Siriri, da yake shi ke riga kowa zuwa, mai gidan ya damƙa masa makulli.

Wata safiya ya iske Bijimi a bakin ƙofa, ido jawur. Ashe jiya wani saurayi ya ce masa, "Baba, a rage maka ne?" kowa ya yi dariya.

Bijimi ya shiga jera manyan faya-fayai a sanda, irin nauyin da yake ɗagawa kafin ya yi aure.  Ba kowa a ɗakin sai su biyu da inuwarsu a madubi.

"Ɗan uwa, bari yara su zo. Wannan idan ya sauka a kanka, ni kaɗai ba zan iya ba."

"Su zo su ga me? Tsaya mini kawai."

"Ba zan tsaya ba."

"To ga hanya nan, sarkin tsoro."

Siriri ya juya. Sai dai da ya gifta ta bakin sandar, ya zare ƙarafan da ke riƙe faya-fayan a gefe da gefe, ya jefa a aljihu. Ya kai ƙofa kenan ya ji ƙarar sanda ta bar mazauninta. Ƙafafunsa suka dawo da shi ba tare da sun yi shawara da shi ba.

Sandar ta sauka a ƙirji, ta taso kaɗan, ta tsaya tana rawa. Hannun hagu na Bijimi ya lanƙwashe. Ƙarfen ya gangaro zuwa maƙogwaro, fuskar ta yi duhu, jijiyoyin goshi suka miƙe, baki a buɗe amma ba sauti. Siriri ya ja sama, ko gezau. Ya ga matar Bijimi a ransa, ya ga kansa a ƙofar gidanta yana neman kalmar da zai fara da ita.

Sai ya koma gefe ɗaya, ya sa kafaɗa ƙarƙashin bakin sandar, ya dafe ƙasa da ƙafafun da ba su taɓa fashi ba, ya miƙe. Sandar ta karkace. Faya-fayan ɗaya gefen suka zube kamar aradu, ta wuntsila, ta daki madubi ya tsage.

Bijimi ya mirgino ƙasa yana tari, yana jan iska da ƙugi.  Siriri ya tattara faya-fayan, ya share gilashi, ya tafi shago.

Ranar bai yi ɗinki ba. Duk sanda ya kai zare bakin allura, sai ya kuskure ramin. Da la'asar wata inuwa ta cika ƙofar shagon. Bijimi ne, da shatar sanda baƙa ƙirin a wuya, muryar a dishe.

"Na je asibiti. Sun ƙara mini magani." Ya zauna a kan buhun ƙyallaye. "Gobe za ka buɗe?"

"Kullum ina buɗewa."

"Ƙananan nan naka… akwai na mutum biyu?"

Siriri ya ɗaga kai alamar akwai. Ya sake kai zaren, ya sake kuskure ramin.