Syombua da Kwalin Ranar Talata

Shekara ashirin da shida Syombua Kithuka ta yi tana tsayuwa gaban wani dogon teburin ƙarfe, a wani kamfani kusa da filin jirgin saman Nairobi, tana tantance koren waken da ake kaiwa Turai. Miƙaƙƙe ya wuce dama, karkatacce ya faɗa kwandon hagu. Idonta ya goge har ba ta buƙatar ma'auni. Abokan aikinta Alƙaliya suke ce mata, don in ta ce a'a, magana ta ƙare.

Tsayuwar nan ce ta cinye mata gwiwa. Bayan ta bar aiki aka yi mata tiyata, likita ya hana ta hawa da saukar bene har wata uku. Ga ɗakinta a hawa na huɗu a unguwar Umoja, ga miji ya daɗe da rasuwa, 'yarta tilo Mueni kuma tana aikin jinya a Mombasa.

Wata Lahadi Mueni ta bugo waya.

"Mami, na sa a riƙa kawo miki kwalin kayan miya da 'ya'yan itace duk Talata, har bakin ƙofa. Amma in gaya miki tun yanzu, irin waɗanda manyan kantuna suka ƙi ɗauka ne don ba su da kyan gani."

"Ni za ki aiko wa abin da aka zubar? Ke Mueni, gwiwata aka yanka, ba hankalina ba."

"Ki dai gwada sau ɗaya. In bai yi miki ba ki ba akuya."

"Wace akuyar ce a hawa na huɗu, in ba ke ba in kin zo hutu?"

Ranar Talata da hantsi aka buga ƙofa. Wata ƙatuwar mata ce mai babur, Akoth, hular kwano a ka, kwali a kafaɗa, tana haki.

"Maman Mueni, wanda ya gina gidan nan ba ya son jama'a. Ina zan ajiye?"

Da ta tafi, Syombua ta zazzage kwalin a tebur. Karas mai ƙafa biyu, tumatir mai tabo a goshi, fiya 'yan ƙanana, kokwamba a lanƙwashe kamar lauje, ganyen miya da ake kira sukuma wanda tsutsa ta ɗan tsattsaga, mangwaro huɗu masu ɗigo-ɗigon baƙi, sai ƙunshin koren wake. Ba ta ankara ba hannunta ya kama aikinsa na da. Da ta ɗago kai, gefen dama wayam, komai ya tafi hagu. Ita kaɗai ta yi ta dariya a ɗaki.

Yunwa ce ta sa ta ɗora tukunya. Ta tuƙa ugali, wato tuwon masara, ta soya sukuma da tumatirin, ta zuba waken. Ta ci har ta siɗe hannu. Mangwaron kuwa, rabonta da irin zaƙinsa tun tana yarinya a Makueni.

Tana naɗe kwalin ta ga 'yar takarda a ƙasa, an rubuta inda kowane abu ya fito. Wake: gonar Wanjugu Gitari, Mwea. Ta daɗe tana kallon sunan. Duk shekarun da ta yi a kamfani, lamba kawai take gani a jikin akwati, ba ta taɓa sanin sunan manomi ko ɗaya ba. Ta tuna wata rana da ta mayar da kaya mota guda, ta fito za ta tafi gida ta ga wani dattijo zaune a ƙasa bakin ƙofar kamfanin, hularsa a hannu. Dokar aiki ce, ba ita ta kafa ba. Duk da haka ranar ba ta iya gama shayinta ba.

A mako na uku aka sami matsala: kabejin da ya zo a kwalin ya ruɓe daga ciki. Da Akoth ta dawo, Syombua ta zaunar da ita, ta miƙa mata kabejin.

"Ki gaya wa masu gidanku muni daban, ruɓa daban. Juya shi ki ga gindin. Danna nan. Shaƙa. Kin ji?"

"Mama, tsaya in ɗauke ki a waya. In na faɗa da bakina cewa za su yi surutuna ne."

Kwana biyu bayan haka wata mata mai suna Chebet, wadda ta kafa sana'ar kwalayen, ta kira ta. Ta ba da haƙuri, sannan ta roƙe ta, in ƙafa ta warke, ta zo ta koya wa masu zuba kaya.

Ranar da likita ya sake ta, Akoth ce ta goya ta a babur zuwa rumfar da ake haɗa kwalayen a Embakasi. Ta yi sa'a ranar manoman Mwea ne ke kawo kaya. Aka nuna mata Wanjugu, wata siririyar mata sa'arta, da takalmin roba har gwiwa.

"'Yar'uwa, wakenki nake ci wata uku ke nan," in ji Syombua. "Kuma gara in faɗa miki, ni ce nake mayar muku da kaya a filin jirgi."

Wanjugu ta kalle ta sama da ƙasa, ta tafa hannu.

"Ashe ke ce! Mu da muke zaton wani ƙaton Bature ne mai gilashi. Kin san zagin da kika sha a Mwea kuwa?"

"Na ji a jikina. Shi ya sauka a gwiwa."

Suka yi dariya har sai da Chebet ta leƙo.

Yanzu duk Litinin Syombua na rumfar nan daga safe zuwa azahar, a zaune kan kujera mai matashi, abin da ba ta taɓa samu ba a tsohon aikinta. Masu zuba kaya na tsoronta kaɗan, amma ita suke fara kawo wa shayi. Syombua ta kira Mueni ta yi mata godiya, ta kuma gargaɗe ta kada abin ya hau mata kai. Wanjugu ta gayyace ta girbin shinkafa a Mwea, Syombua kuwa ta riga ta sa an ɗinka mata sabuwar riga don tafiyar.