Minti Uku da Ƙaramin Jakada

Ni ɗin nan da kuke gani na taɓa hana ƙasa biyu ɓatawa da bakina kaɗai, ko hulata ba ta karkace ba. Haka nake faɗa a majalisa, in dai babu ɗan ma'aikatarmu a kusa.

Zamanin soja ne, kuɗin mai na zuba, kowane ofis a Sakkwato ya samu tarho, har ofishin da ba shi da wanda zai kira. Sai umarni ya zo daga sama a ɗauki naƙasassu aiki. Aka turo mana wani makaho ɗan unguwar Gidan Dare da ya koyo haɗa waya, aka ce a gwada shi wata guda a ɗakin tarho. In kwamiti ya ƙi shi, sai ya koma tufkar igiya, sana'ar da ya rantse ya bari.

Ina cikin kwamitin, kuma na fi kowa baki. Wasu suka ce waya kunne take so, ba ido ba. Na miƙe na ce kiran nesa minti uku ake ba mutum a yanke, wanda ba ya ganin agogo ta yaya zai tsare su? Ina magana ina karkaɗa hannu don kowa ya ga sabon agogona, mai nauyin dutsen niƙa.

Saura kwana biyu a yanke hukunci, aka tsare motocin geron 'yan kasuwarmu a ƙetaren iyaka. Mura ta dusashe muryar shugabanmu, ya ce ni zan karanta wa ƙaramin jakadanmu na can lambobin motocin. Tun safe nake bitarsu da ƙarfi, layi bai samu ba sai bayan azahar.

Makahon ya miƙo mini kan tarho ya ce, "Malam, minti ukku na fa."

To, jakada ne. Ina zan faɗa masa da lamba kamar ɗan kamasho? Na gaishe shi da aiki, da gajiya, da iyali, da zafi. Ashe shi ma Basakkwace ne. Ya tambayi ruwa, ya tambayi shinkafar Wamakko, ya tambayi ko limamin unguwarsu na nan da doguwar sura. Makaho na jan tasbaha yana taɓa mini gwiwa, ashe da ita yake auna lokaci. Na buɗe takarda na ce, "Ranka ya daɗe, dama..." Ƙit, layi ya mutu.

Shugaba ya dube ni. Zufa ta cika mini takalmi.

Makahon ya juya ga allon haɗa waya. Yatsunsa suka shiga rawa a kan allo, ya samu matar da ke raba layi a gidan waya, ya gane ta da murya, ya tambayi jikin ɗiyarta, ya lallashe ta. Kafin la'asar layi ya dawo, kuma wannan karon bai miƙo mini ba.

"Yallaɓai, an riga an gaisa," in ji shi. "Ga lambobi." Ya zuba su da ka, yadda ya ji ina bita, ya gama da sauran tasbaha a hannu.

Aka saki motoci. Ranar hukunci hannuna ya riga na kowa tashi, aiki ya tabbata nasa. Da muka fito na dafa shi na ce ai gaisuwata ce ta tausasa jakada.

"Gaskiya na, Malam," ya ce. "Sai dai agogon ga, ni da kai duk ba mu ganinai. Kai dai kaɗ ɗauki nauyinai."