Damin geron da Mushe Laminu ya ƙi karɓa

Mushe Laminu ya rasu. Da safiyar nan labarin ya same ni, ina tsaye gaban tablo da alli a hannu.

Ƙanwata ce ta kira daga ƙauyenmu na wajen Dungas. Ta ce da asuba ne. Na ce to. Na mayar da waya aljihu, na ƙarasa wa 'yan ajina darasin lissafi, har na gyara wa wata yarinya kuskure a kaye ɗinta, littafin rubutu. Har yanzu ban yi kuka ba. Ban ma san me nake ji ba.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne malaminmu na tarihi a kolej a Magariya, kuma ɗan ƙauyenmu ne. Mushe kuwa haka muke kiran malamin boko a wajenmu, daga Faransanci.

In zai je gida ranar Asabar, ni yake ɗorawa a bayan tsohon moto ɗinsa, wato babur. Duk inda muka shiga yashi sai inji ya mutu, mu sauka mu tura, yana zagin moton da Faransanci.

Ranar jarrabawar birebe, ta gama kolej, ya iske ni bakin ƙofa ko karyawa ban yi ba. Ya zuba mini gyaɗa a aljihu ya ce, "Ci, Sarkin Gardama. Da yunwa ba za ka tuna komai ba."

Sarkin Gardama. Shi kaɗai yake kirana haka.

Akwai wani darasi da kowa ya san shi da shi. Kowace shekara sai ya kawo zancen ɗaya daga cikin shugabannin Amurka na farko, wanda ya rubuta a takardar 'yancin ƙasarsu cewa duk mutane daidai aka halicce su. Sai ya bari maganar ta yi mana daɗi tukuna, sannan ya cire tabarau ya gaya mana cewa mutumin nan yana da bayi ɗaruruwa a gonarsa, kuma har ya mutu bai 'yanta mafi yawansu ba. Daga nan ya tambaye mu, munafuki ne ko matsoraci?

A shekararmu, ni na fara ɗaga hannu. Na ce munafuki ne. Ya yi dariya ya ce, "Wataƙila. Amma kada ka zubar da maganar don mai ita ya kasa ɗaukarta."

Yanzu zan faɗi abin da ban taɓa rubutawa a nan ba.

Kakanninmu bayin gidansu Mushe ne. Ba a faɗa a fili, amma babu wanda bai sani ba a ƙauyen. Gonar da Babana yake nomawa tun yana saurayi, a bakin mutane aro ce daga gidansu. Kowace kaka Baba yakan ɗaure dami guda na gero, ya ɗora a amalanken jaki ya kai musu, alamar ya san gonar ba tasa ba ce. Akwai wata darbejiya kafin a isa ƙofar gidan. A gindinta yake cire takalmi, ya ƙarasa da ƙafa a ƙasa.

Da mahaifin Mushe ya rasu, shi ya zama babban gida. Wata shekara na raka Baba. Da idona na ga Mushe ya fito da tabaransa, ya karɓi damin, ya ce Allah ya yi albarka. Baba yana durƙushe da takalmi a hannu.

Daga ranar na ja jikina. In na hango shi sai in sake hanya. Shekaru muka yi a haka, har na zama malami ni ma, aka turo ni lakwal ɗin Kwaya.

Watan jiya muka haɗu a kasuwar Sassumbrum. Ya rame ƙwarai, yana zaune a benci wajen mai sayar da igiya. Kafin in zille ya ƙwala mini kira.

"Sarkin Gardama, zo nan. Na san abin da ke ranka."

Na gaishe shi a tsaye.

Ya ce, "Shekara da shekaru ina yi wa mutumin Amurkan nan shari'a a gaban tablo, ashe tawa nake yi. Na yi wa ƙannena maganar gonar. Biyu sun yarda, Sani ne ya ƙi. Bari a gama kaka, in tara su gaban maigari a rubuta takarda."

Na ce, "Mushe, shi ma mutumin naka haka ya yi ta cewa, sai nan gaba."

Ya cire tabarau. Can ya ce, "Ka yi gaskiya." Ya miƙo hannu, na taɓa sama-sama na hau motona.

Maganarmu ta ƙarshe ke nan a duniya.

Da na tashi daga aji ɗazu na kira Baba. Ya ce an kai Mushe makwanci tun hantsi. Sannan ya gaya mini abin da ban sani ba. Shekaranjiya ya kai damin bana, ya iske Mushe kwance a tabarma cikin zaure, muryarsa da ƙyar take fita. Da ya ga damin sai ya ce, "Malam Idi, mayar da geronka. Gonar taka ce. Ka yafe mini daɗewar da na yi."

Babu takarda. Babu maigari. Matarsa ce kaɗai ta ji. Kuma daga yau Sani ne babban gida.

Na ce, "Baba, damin fa?"

Ya ce, "Ga shi a zaurena. Jibi sadakar uku, zan kai a yi wa masu gaisuwa fura."

Na ce, "Baba, in ka kai, Sani zai ɗauka na aron gona ne."

Ya ce, "Ya ɗauka yadda ya ga dama. Na baya don dole nake kaiwa, wannan don Laminu ne. Kuma da takalmina zan wuce darbejiyar nan."

Ban sani ba ko gonar za ta tsaya a hannunmu. Ban sani ba ko in ce Mushe ya cika ko ya makara. Na dai san ya miƙo mini hannu a kasuwa, ban riƙe shi da kyau ba.

Jibi zan bi Baba, ni zan ja jakin.

Allah ka gafarta wa Mushe Laminu, ka karɓi maganar da ya faɗa a kan tabarmar nan, ka yafe masa jinkirinsa, ka haskaka kabarinsa. Ni na yafe, ina roƙon Allah ya sa shi ma ya yafe mini.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a, ko da bai taɓa zama ajinsa ba.