Kafso biyu da ƙafar Yaya Sani

Ina sauke buhunan albasa a Fatakwal likita ya kira ni. Yayana Sani, mai noman rani a ƙasan dam ɗin Goronyo, lauje ya yanke shi a ƙafa. Wata guda ke nan, miki sai ci yake.

Na ce, "Likita, mi ya hana maganin aiki? Da can kafso biyu ke tashe shi."

Ya ce, "Biyun nan ne matsalar, Malam. Maganin kan shiga cikin ƙwayar cuta ya tsayar da ribosom, injin da ke ƙera mata furotin. In an bar sha da wuri, masu taurin ke tsira su hayayyafa. Nasa suna da famfo a fatarsu, yana zuƙe maganin waje kamar injin ban-ruwa. Wa ke ba shi?"

Shekara da shekaru ni ke aika kwalin kafso ja-da-rawaya gida, ina cewa, "Sha biyu, ka aje saura."

Ban ga laifin likita ba. Jibi za su duba ko ƙafar za ta tsira.

A cikinku, wa ke da irin kwalin nan a ɗakinsa?