Jitman Mai Hayaƙi, Wanda Jirage Suka Cinye wa Kunne

Da sassafe Jitman Rai yake fita da kwando a baya. Ya hau tudu ya saro ɗanyen ganye, ya sauko filin makaranta yana tsince duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Haka yake tun ina goyon ɗan farina, wanda yau ya yi furfura.

Duk shekara bayan damina ake bikin jirage masu saukar ungulu a garinmu. Su yi shawagi, su sauka, yara su shafa ƙarfe, a rataya wa matuƙa fure. Amma iskar kwarin nan munafuka ce, matuƙi ba ya sauka sai ya ga inda hayaƙi ya karkata. Jitman ke hura hayaƙin. Kowa ya ja da baya ya toshe kunne, shi yana tsugune a gindin wuta, hannu biyu cikin ganye, kada iskar jirgi ta watsa wa jama'a garwashi.

Shekarar girgizar ƙasa dutse ya danne ƙafar 'yata Sunmaya. Ana ruwa, itace duk ya jiƙe, jirgin da ya zo ɗaukarta yana ta kewaya ya rasa wurin sauka. Da idona na ga Jitman ya tuɓe bargonsa tilo ya cinna masa wuta. Yau Sunmaya tana tafiya. Da ɗingishi, amma tana tafiya.

Kai ne mai hayaƙi, Jitman. Kai ne ƙara ta cinye wa kunne, har jikarka sai ta ja rigarka kafin ka san tana kuka.

Bara aka zuba siminti a filin, aka kafa sanda da wani ƙyalle mai nuna iska, aka ce Jitman ya koma bayan igiya da 'yan kallo. Da bikin bana ya matso, na taka har gidan shugaban biki.

"Haba Iya Phulmaya, faɗa tun ba a sha shayi ba?" in ji shi.

"Sha abinka, ɗan nan. A shigar da shi cikin igiya, a ɗauke shi a jirgi likitan birni ya duba kunnensa."

"Jirgi ba jakin gidanmu ba ne, Iya. Amma bana za a kira sunansa a ba shi fure."

An kira ɗin. A lasifika! Jama'a suka yi ta tafi, shi kuwa yana can bayan igiya, ya ba da baya, ya duƙa yana ciro dutse. Duk garin nan an san kurma ne, amma ba wanda ya taka ya dafa shi. Kafin tsofaffin ƙafafuna su ratsa taro, an ce ba ya nan, an ɗora furensa a wuyan wani matuƙi da fure ya riga ya kai masa haɓa.

Da na kama hannunsa sai ya ɗago, ya ce da ƙarfi irin na kurame, "Yaya, a gaya musu iska ta juya!"

Mun gode, Jitman, ko da yake ba za ka ji ba. Ku samari, ku koyi tsayuwa inda kowa ke gudu. Ku kuma masu biki, baɗi in rai ya kai shi, ku ajiye lasifikarku. Ku tako da ƙafa ku dafa kafaɗarsa.