Tabarmar Kaka a Jardan Ɗinmu

Duk tsufan da zan yi, akwai wani hantsi a wani ƙauye kusa da Tirmini da ba zai fita daga raina ba. Ranar ce wata tsohuwa ta kusa rufe mana jardan, wato makarantar ƙananan yaran da ba su isa shiga lakol, makarantar firamare, ba, kuma ko ɗaga murya ba ta yi ba.

Ƙungiyarmu ba da girma ta fara ba. Mu 'yan mata ne da zawarawa a unguwannin Zango da Birni na Zinder, kowacce na riƙon 'ya'yan matan da ke fita kasuwa ko aiki, wata a zaure, wata a gindin bishiyar bedi. Da muka ga wahalarmu iri ɗaya ce, muka haɗa kai. Wadda ta iya waƙa ta koya wa saura, wadda ta taɓa samun horo ta horar da mu, muna ƙera wa yara kayan wasa da yumɓu da kara. A hankali iyaye suka lura yaronmu ba ya kuka ranar da aka kai shi lakol, ya iya gaisuwa, ya iya wanke hannu kafin cin abinci. Daga nan ƙauyukan Damagaram suka fara aiko mana. Ni aka ɗora wa zagaya su, don an san ba na jin kunyar magana kuma ba na gajiya da kabu-kabu.

A wannan ƙauyen, mun horar da wata yarinya 'yar garin ta zama malama. Mai gari ya ba mu aron rumfarsa, muka tara iyaye mata, aka yi bayani, kowa ta ce to. Aka buɗe daidai lokacin girbi. Ba a daɗe ba malamar ta kira ni tana kuka, wai rumfa wayam, sai ita da awaki. Mai gari kuma ya ce da zarar an gama ɗaure harawa, in dai babu yara, zai zuba harawarsa a ciki. Na san idan aka rufe sau ɗaya, garin ba zai sake sauraron mu ba, ita kuma yarinyar ta shiga bakin mutane ke nan.

Washegari na isa. Na tsayar da matan da ke tafiya sussuka na tambaye su ina alkawari. Ɗaya ta sunkuyar da kai ta ce, "Madam, ni na isa? Yaran suna wajen uwar mijina. Babban kuwa ɗan fari ne, ko sunansa ba na faɗa, balle in riƙo hannunsa a tsakiyar gari."

Nan na gane inda muka kuskure hanya. A birni uwa ce ke kawo ɗanta, shi ya sa muka tara uwaye. A nan, yaro daga yaye hannun kakarsa yake komawa, ita ke ba shi fura, a bayanta yake barci. Mun nemi izini wajen waɗanda ba su da shi.

Aka nuna mini gidan tsohuwar da duk kakannin garin ke jin maganarta. Na same ta a inuwa tana ɓarar gyaɗa, yara sun kewaye ta kamar 'yan tsaki. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa a daƙile, ta ci gaba da aikinta, ta bar ni a durƙushe har gwiwata ta fara tsami. Ni kuwa na riga na ƙudura ba zan tashi ba.

Can ta ce, "Ke ce kika zo raba ni da mazajena?" Ta nuna jikokinta maza da haɓa. Wasan kaka da jika ne, amma fuskarta babu wasa.

Na ce, "Kaka, wa ya isa? Aronsu muke so, daga hantsi zuwa azahar."

Ta ce, "Daga hantsi zuwa azahar ni kuma in yi me? Gona ta fi ƙarfina, daka ya fi ƙarfina. Wannan kaɗai ya rage mini, 'yar nan. In kun kwashe su, sai in zauna ina kallon bango."

Maganar ta soke ni. Na zo da shirin gardama a kan amfanin karatu, sai na tarar ba karatu take ƙi ba, kaɗaici take tsoro. Ban tsaya shawara da kowa ba, na ce, "To ai ba su kaɗai muke so ba, har da ke. Malamarmu yarinya ce, ta iya ƙirga da zane, amma tatsuniya nawa ta sani? Ki zo ki zauna mana, a shimfiɗa miki tabarmarki."

Ta harare ni ta ce, "Da tsufana za ki sa ni lakol?"

Na ce, "Koyarwa za ki yi, Kaka, ba koyo ba."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Na kwana a garin. Da hantsi muna zaune da malamar a rumfa, ga damman harawa an fara jibgewa a gefe, sai muka hango ta tafe da sanda, yara a bayanta, wasu tsofaffin biye da nasu jikokin. Ta shigo ta dubi harawar ta ce a gaya wa mai gari ya nemi wani wurin, nan akwai mutane. Malamar ta juya baya tana share hawaye.

Da na koma Zinder na kai maganar gaban ƙungiya, na tsaya kai da fata har ta zama ƙa'ida. Yau duk ƙauyen da za mu buɗe jardan, gidan kakanni muke fara sallama, kuma ba a karɓar yaro ko ɗaya sai an shimfiɗa tabarmar kaka.

Abin da na koya shi ne, alherin da ka ɗauko ba ya isa ya buɗe maka ƙofa. Kafin ka karɓi yaro daga hannun mutum, ka duba ka ga abin da zai rage a hannun nan bayan ka tafi.