Haruna, mai haɗa wa mutane barci

Shekara huɗu ke nan da muka kai Haruna makwancinsa a Safana, kuma sai bana na gane cewa a labarin nan ni ne wawan. Ban so faɗa a jarida ba, amma tunda duk Batsari an sani, gara ku ji daga bakina, ko na samu in rage wani abu.

Haruna taubashina ne. Uwarsa ƙanwar ubana ce, don haka a al'ada bawana ne, kuma ban ji malamin da ya ce mutuwa tana 'yanta irin wannan bawa ba. Masu ganin bai dace a tsokani mamaci ba su yi haƙuri. Na yi masa addu'a da asuba, yanzu sauran haƙƙina nake karɓa. Shi malamin asibiti ne, ya yi ta tsira wa mutane allura har ya yi ritaya. Ni kuwa aji huɗu na yi a firamare, na yi masinja a sakatariya, amma ko a gabansa na sha faɗa cewa na fi shi sanin duniya.

Ɗa guda Allah ya ba shi, Kabiru. Wata ranar kasuwa Kabiru ya hau babur zuwa Ruma sayen awaki, 'yan bindiga suka tare hanya. An tsinci babur ɗin. Shi ba a tsince shi ba, ba a kira waya ba, babu gawa balle a yi zaman makoki a huta. Daga ranar barci ya ƙaurace wa uwarsa, Binta. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an gwada ƙwaya har Haruna ya ji tsoron inda za ta kai ta, ya janye. Mace ta rame ta koma kamar sillen kara. Tana zuba gishiri a koko, tana amsa sallamar da ba a yi ba. Danginta suka fara maganar a kai ta Katsina wajen masu taɓin hankali, in ya so ko da ɗauri ne. Haruna ya roƙe su su ba shi lokaci.

A cikin wayarsa ya tono maganin. Wai ana sa wa kunnen dama wata ƙara siririya, a sa wa na hagu wata mai ɗan bambanci kaɗan, sai ƙwaƙwalwa ta haɗa su ta ji wani bugu na uku, a hankali, ta bi shi har barci ya ɗauke ta. A kan ƙarar kuma sai a ɗora murya mai lallashi, tana cewa saki kafaɗarka, ja numfashi, kada ka tuna komai. Sharaɗin guda ne, dole a sa iyafis, wato 'yar igiyar nan ta waya, a kunne duka biyu. Da ya jiyar da ni na ce masa, "Bawa, wanga ai kukan sauro ne. In sauro na sa barci, da mutanen bakin fadama ba su taɓa farkawa ba."

Da muryarsa ya fara gwadawa, abin ya ƙi. Binta na jin muryar mijinta sai ta zabura ta ce, "Malam, an samu labari?" Sai ga shi a Batsari har ƙofar gidana, ya cire takalmi, ya durƙusa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Ranka shi daɗe, muryar dattijo mai kamala nike nema, kuma duk ƙasar nan ban ga kamarka ba."

Na sa babbar riga. Ku lura, murya za a ɗauka, ba hoto ba, amma har turare na shafa. Ya shigar da ni ɗakin hatsi bayan azahar, wai buhuna suna shanye amo, aka kori kaji, aka ɗaure akuya a bayan gida. Na fara karanta abin da ya tsara kamar sanƙira yana shela. "SAKI KAFAƊARKI!" Haruna ya dafe kai. Na sake, ya ce kamar ina kiran tunkiya. Can ya ce, "Bari wannan. Ba ni labarin kekenka." Wannan labari ne na yadda na taɓa tafiya Katsina a keke, da facin da na yi a hanya, da mai facin, da asalin uban mai facin. Labari ne mai daraja. Na gyara zama na kwararo shi har la'asar, shi kuma yana riƙe da waya yana ɗauka.

Binta ta ƙi sa iyafis a kunne biyu. Ta ce in ta toshe duka, wa zai ji baburan 'yan bindiga, wa zai ji in yaron ya buga ƙofa? Ko sunansa ba ta faɗa, ɗan fari ne. Haruna ya ce, "Ni." Haka aka ƙulla cinikin. Ita ta toshe kunnuwa ta kwanta, shi ya ɗauki tabarma ya koma zaure yana saurare a madadinta. Ta yi barci. Ta yi ƙiba ma, dangi suka bar maganar Katsina.

Ni fa sai na fara tafiya da ƙafar manya. Masu cajin waya a Batsari suna tura abin daga memori zuwa memori, matan da suka gudo daga ƙauyukan Ruma suna layi a tura masu. Amma na lura duk teburin mai shayin da na zauna, sai wani ya yi hamma, sauran su sunkuyar da kai. Rannan a kasuwa na tare Haruna a gaban mahauta, na ce ya faɗa wa jama'a dalilin da ya sa ya zaɓe ni. Ya ce, "Sale, tun muna samari nike sauraren labarin keken nan, ban taɓa kaiwa ƙarshe ido biyu ba. Muryar da ba ta taɓa ɗauke da labarin kirki ba nike nema, wadda mutum zai ji ya tabbata babu abin jira." Wani mahauci ya yi dariya har wuƙa ta kuɓuce masa. Na yi fushi da Haruna har bayan sallar layya.

Amma ni na yi dariyar ƙarshe, in dai ana kiran wannan dariya. Mai haɗa wa mutane barci bai samu nasa ba. Dare yana zaure kunne a buɗe, rana kuma masu ciwo ba su san ya yi ritaya ba. Idanunsa suka zurma. Na ce masa ya sha maganinsa mana, ya ce kunnuwansa ba nasa ba ne, na aro ne. Hawan jini ya kayar da shi wajen alwala, ɓarin jikinsa ya shanye, bai daɗe ba ya cika. Baburan da ya yi ta jira ba su taɓa zuwa ba, ƙofar ma ba a buga ba. Malamin asibiti guda ya ƙarar da kansa yana gadin iska. Allah ya jiƙansa, amma wannan wauta ce, kuma da yana raye haka zan faɗa masa.

Da zai leƙo yau, na san baƙin ciki zai sake kashe shi. Samari sun ɗora ƙarar ruwan sama a kan aikinsa. Wasu suna kunna shi a lasifika, inda ƙara biyun ke cakuɗewa ta tashi a banza. Miji da mata suna raba iyafis, kowa kunne guda. Waɗanda ke kwana a azuzuwa da barandar shaguna ba za su yarda su toshe duka biyu ba, kuma babu mai ganin laifinsu. Duk lissafin da ya yi an watsar.

To me ya rage na Haruna? Na zauna na auna da adalci. Ɗa babu. Allurarsa an manta. Kabarinsa sai an yi gardama kafin a nuna shi. Abin da ya rage yana yawo daga Zakka har Ruma muryata ce. Wato bawa ya mutu, ya bar wa ubangidansa suna, kamar yadda ya kamata.

Wannan sakamako na ɗauka na kai wa Binta a Safana makon jiya. Na same ta a inuwar rumfa da rana tsaka tana tsince wake, ta sake ramewa, igiya guda a kunnenta, ɗayar tana reto a ƙirji. Muka gaisa, na yi mata ya haƙuri. Sannan na gyara murya na ce, "Binta, ashe har yanzu ni ke rainonki. Amma bari in ba ki ilimi kyauta, da kunne guda abin nan ba ya aiki. Mijinki da kansa ya faɗa."

Ba ta ɗago ba. Ta jefar da wani ruɓaɓɓen wake ta ce, "Malam Sale, kai har yau zato kake kai nike saurare? Shi ya riƙe maka wayar. Numfashinshi na fita a bayan surutunka. Da akwai mai iya kankare ka ya bar mani shi, da tuni na kai mashi."